Layin Toka a Gonar Kuberi

Tun kuna ƙanana kuke jin labarin yadda Baba Bawa ya rasa hannunsa, kuma yadda kuka ji shi ba haka ya faru ba. An gaya muku cewa ni na je na gano inda wayar wuta take kwance a ƙarƙashin ƙasa, na sa alama, na gargaɗe shi, shi kuma ya yi taurin kai ya kai mata diga. Wannan babin na rubuta shi dominku 'ya'yana, amma fiye da ku na rubuta shi domin Lawali, ɗan Baba Bawa, wanda yake goye a bayan uwarsa a shekarar da abin ya faru. Mu huɗu ne muka san gaskiya a gidanmu: ni, da Yaya Bawa, da Inna, da matarsa Kulu. Kulu ce ta ƙarshe da muka kai, bara da damina. Saura ni kaɗai, kuma likita ya fara yi mini magana a hankali, irin wadda ake yi wa mutumin da ba a so a tsorata.

Shekarar da ta biyo bayan ba mu jihar Kebbi ce. Muna zaune a gidanmu na Sabon Gari a Jega. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, Yaya Bawa ne uban gida, ya girme ni da shekara goma. Sana'arsa haƙa: rijiya, salga, tushen gini, ramin bututun ruwa. Daga Jega zuwa Alelu zuwa ƙauyukan Maiyama, in mutum yana son rami mai miƙewa wanda gefensa ba ya zubewa, shi ake aika wa. Mutum ne mai murya, in yana dariya a zaure ana jinsa a bakin titi. Ni kuwa Allah ya yi ni marar magana. In baƙo ya yi sallama ina zaure, nakan ji harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, sai in amsa ƙasa-ƙasa in sulale ciki in ɗauki littafi. Sau ɗaya tak Yaya ya taɓa tafiya da ni wurin aiki ina yaro. Ya ba ni igiyar guga in riƙa janyo ƙasa, ya leƙo daga ramin ya same ni riƙe da igiya a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Bai doke ni ba. Ya fito ya kakkaɓe jikinsa, ya kama yatsuna ya jujjuya, ya ce wa Inna da muka koma gida:

"Wanga hannu ba na diga ba na, Inna. Bar shi ga takarda tun bai binne ni da raina ba."

Da digarsa na yi karatu har na kai makarantar koyon fasaha a Birnin Kebbi, sashen wutar lantarki. Ka'idar makarantar ita ce ɗalibi ya fita wata huɗu ya yi aiki a hannun wani gwani, a ƙarshe gwanin ya sa hannu a takarda cewa yaron ya iya kuma ana iya amince masa. In babu wannan sa hannun, babu shekarar ƙarshe. Aka tura ni wurin Malam Garba mai waya, wanda shagonsa ke kusa da tashar Jega. Dattijo ne marar hayaniya, shi ya sa muka jitu. A duk yankin shi kaɗai ke da na'urar neman wayar da aka binne, kuma ita ce abin da na fi so a duniya a lokacin.

Bari in bayyana muku ita, don ba za ku fahimci laifina ba sai kun fahimci yadda take. Kashi biyu ce a cikin akwati ɗaya. Malam Garba yana kiran ɗaya mai kira, ɗayar mai ji. Mai kira ƙaramin akwati ne mai batir da wayoyi biyu. Sai an kashe wuta tukuna, sannan a maƙala waya ɗaya a bakin wayar da ake nema, ɗayar a ɗaure ta a ƙarfen da aka kafa a ƙasa mai laima. In an kunna, sai ta riƙa tura wani siririn sauti cikin wayar, yana bin ta duk inda ta bi a ƙarƙashin ƙasa. Mai ji kuma kamar sanda take, da abin sawa a kunne. Mutum zai riƙe ta kusa da ƙasa yana tafiya yana ƙetarawa dama da hagu. In ya matso kusa da wayar sautin ya ƙaru, in ya wuce ya ragu, inda ya fi ƙarfi nan wayar take. Tana da yaudara kuma, don sautin yakan tsallaka ya hau tsohon bututun ƙarfe ya ja mai gaggawa zuwa wani wuri dabam. Aiki ne na mai haƙuri da shiru, wanda ba ya jin nauyin komawa baya sau uku ya sake. A karon farko a rayuwata na sami abin da shiruna ya zama gwaninta a cikinsa. Cikin wata biyu Malam Garba ya daina bin bayana yana dubawa. Duk inda muka gano waya, mukan kafa turaku masu jan fenti, kuma shi da kansa yakan tara ma'aikata ya nuna musu da yatsa ya ce nan mutuwa take, kada wanda ya matso. Na sha ganin yana yin haka. Na ɗauka turakun ne aikin, maganar kuma ƙari ce irin ta dattawa.

A wannan shekarar duk mai sana'ar hannu Birnin Kebbi yake kallo, ana ta gyaran gidaje ana mai da su ofisoshin sabuwar jiha. Aka kira Malam Garba can aikin kwana biyar. Ranar da zai tafi sai ga saƙo daga Alhaji Mamman, wani babban manomin albasa mai gona a wajen Kuberi. Yana da rijiyar burtsatse a gindin fadama, da ɗakin janareta a kan tudu, da waya binne tsakaninsu mai kai wuta ga famfo. Wanda ya binne wayar ya koma Sakkwato da aka raba jiha, ba wanda ya san ta inda ya bi. Alhaji ya buɗe sababbin fangulan dashen albasa kusa da ɗakin injin, lokacin dashe ya yi, yana son a haƙa ramin bututu daga rijiyar zuwa can ba tare da an taɓa wayar ba. Malam Garba ya dube ni ya ce:

"Sahabi, kai za ka tahi. Kunnenka ya hi nawa yanzu."

Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba. Sai da motarsa ta tashi na lura buhun turakun yana cikinta.

Na isa gonar da hantsi. Na sa tsohon da ke gadi ya kashe injin, na duba da idona cewa ya mutu, na maƙala mai kira, na fara. Nisan ya kai taki ɗari da wani abu. Wayar ta fito daga ɗakin injin ta miƙe, ta ɗan karkata ta kauce wa wata bishiyar marke, ta sake miƙewa zuwa rijiyar. Sau uku na bi ta, sau biyu daga tudu, sau ɗaya daga fadama. Kowane taki goma na tsaya na auna zurfi na rubuta a littafina. Yawanci kamu ɗaya da rabi ne. Amma a wani wuri kusa da marken, sautin ya yi ƙarfi har ya sa na cire abin kunnen. Na soka ƙarfe a gefe na ji marmara. Na gane wanda ya binne wayar ya tarar da dutse ya gaji, ya ɗora ta a kai ya rufe. A nan ba ta wuce taƙi biyu na hannu daga sama ba, ko kamu ɗaya ba ta cika ba.

Saura alama, ga shi babu turaku. Na duba ko'ina, sai idona ya faɗa kan murhun tsohon mai gadi, toka ta taru fari fat. A littafinmu na makaranta an ce in babu turaku a yi amfani da farar ƙasa ko wani abu mai haske. Na ce a raina ga abu mai haske. Na cika kwano na bi layin ina zubawa, siriri, a miƙe, ba yankewa, tun daga bangon ɗakin injin har bakin rijiyar. Da na zo wurin marmarar, na zana da'ira mai kauri don a san nan ne haɗari ya fi yawa. Na tsaya a kan tudu na kalli aikina, na ji daɗinsa.

'Ya'yana, a nan ne nake so ku tsaya ku karanta a hankali. A ƙasarmu, tun kafin a haife ni, in za a yi haƙa magini ko mai gida yakan zuba toka a ƙasa ya nuna inda za a bi. Layin toka na nufin haƙa nan. Da'irar toka na nufin yi rami mai faɗi a nan. Babu mahaƙin da yake tambaya, kamar yadda ba a tambayar mene ne nufin kiran salla. Ba zan ce ban sani ba. A gidan mahaƙi na tashi, na ga toka a ƙafafun Yaya kusan kowace yamma. Amma a ranar kaina yana cikin littafi, bai leƙa gida ba ko sau ɗaya. Kuma layin da na zana ya tashi daga rijiyar ya nufi ɗakin injin, daidai hanyar da kowa ya san bututun zai bi.

Na zauna a inuwa na zana taswirar gonar a takarda mai kyau, na sa zurfin kowane wuri, a ƙasa na rubuta da Turanci, da manyan baƙaƙe, cewa kada a yi haƙa a kan layin toka, a bar kamu huɗu daga gefensa. Na ja layi biyu a ƙarƙashin rubutun. Na mayar da wayar yadda take, na ce wa mai gadi yana iya tada inji. Sannan na nufi inda Alhaji Mamman yake zaune a kan darduma da baƙi uku, ana hirar iri da taki. Ina tafiya ina maimaita abin da zan faɗa: Alhaji, inda toka take, nan ne ba a taɓawa. Magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba. Na durƙusa a gefe, na daɗe ba wanda ya dube ni. Da Alhaji ya juyo na miƙa masa takardar da hannu biyu.

"An gama, ɗan malam?"

"An gama, ranka ya daɗe."

"Madalla. Allah shi yi albarka. Ka gai da Garba."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu bai buɗe ba. Na buɗe baki, sai ɗaya daga cikin baƙin ya ci gaba da maganarsa, duk suka juya gare shi. Na ji kunyar katse dattawa. Na ce a raina ai yana cikin takarda, har na ja layi biyu. Alhaji Mamman ya yi karatun allo mai zurfi, yana rubuta wasiƙunsa da ajami, amma bai taɓa shiga aji ba. Wannan ma na sani.

Da Allah ya tsayar da abin a nan, da na ce kuskure ne na ƙuruciya. Amma an sake ba ni dama a ranar, a tsakar gidanmu, kuma ita ce wadda ba na iya wucewa. Tun da shago a rufe yake, na zo da na'urar gida. Bayan magariba Kulu ta kawo tuwo, Inna na zaune a bakin ƙofarta. Yaya ya ga akwatin, ya buɗe, ya sa abin kunnen a kansa a karkace, ya ɗauki sandar ya kai ta bakin kwanon miya.

"Ku yi shiru, ku yi shiru. Bari in ji ko akwai nama cikin miyagga." Ya karkata kai. "Wayyo. Ba kowa, Inna. Ko sawunshi babu."

"Ɗora ta bisa kanka," in ji Kulu, "mu ji ko nan akwai kowa."

Inna ta yi dariya har tana tari. Yaya ya juyo da sandar ya nuna ƙirjina.

"Wanga kam ko na'urar Bature ba ta jin komi cikinshi. Malam Shiru. Ranar da za a nema maka mata, ita za ta yi sallama ta amsa ma kanta."

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ya ajiye sandar ya wanke hannu, ya yanko loma, sannan ya ce:

"Af, Alhaji Mamman ya aiko. Gobe da sassafe ni za ni haƙa mishi ramin bututu. An ce kai anka tura yau. Ka bar muna alama?"

"Na bari, Yaya."

"Da mi?"

"Da toka."

"To madalla. Kun gani? Boko ya hwara amfani. Ƙanena ya rage mini aiki."

Ya rage mini aiki. Na ji maganar ta soke ni a wani wuri. Wani abu a cikina ya ce, me yake nufi da rage aiki? Na ɗaga kai zan yi magana. Kulu tana ba Lawali nono tana ci gaba da tsokanar mijinta, Inna tana share hawayen dariya, Yaya ya riga ya shiga wani labarin. In na yi magana duk za su juyo su dube ni, Yaya ya ce a'a, Malam Shiru zai yi wa'azi. Abin da na ji tsoro ke nan, ba wani abu ba. Na ce a raina Alhaji zai ba shi takardar, ko ya sa a karanta masa. Na ce da safe zan gaya masa mu biyu. Da na idar da sallar asuba na dawo daga masallaci, ya riga ya ɗauki digarsa ya bi motar farko.

Kafin azahar wani direban hanyar Maiyama ya tsaya a ƙofar gidanmu bai kashe mota ba. Abin da aka gaya mana daga baya shi ne, Yaya ya fara daga bakin rijiyar, ƙafa ba takalmi, a ƙasar da ruwan famfo ya jiƙa. Ramin bututu kamu ɗaya ake yi, wayar kuma tana kamu ɗaya da rabi, don haka ya yi ta haƙa a kanta taki sittin bai taɓa ta ba, injin yana aiki, yana waƙa. Da ya iso da'irar ya ɗauka nan za a yi ramin makunnin ruwa. Ya ji marmara, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga digar da dukan ƙarfinsa. Tsohon mai gadi ne ya ruga ya kashe injin. An kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Aka yanke hannun dama daga gwiwa, na hagu ya tsira da yatsu uku da ba sa miƙewa, kuma zuciyarsa ba ta sake komawa daidai ba.

Kwana biyu bayan haka Malam Garba ya baro aikin Birnin Kebbi, ya ɗauke ni muka koma gonar. Ya maƙala mai kira, ya bi sauran layin da kansa da mai ji, daga marken zuwa ɗakin injin. Bai sami inda na kauce ko da faɗin yatsa ba. Sannan ya tsaya a bakin ramin Yaya. Ban taɓa ganin rami mai kyau kamarsa ba, gefensa kamar an yanka da wuƙa, ya bi tokar har ɗan karkacen da ta yi. Malam Garba ya duƙa ya ɗebi tokar ya murza a yatsunsa.

"Toka kas sa?"

"I, Malam."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya kakkaɓe yatsunsa, muka koma mota.

Bayan an sallamo Yaya, wata ranar Juma'a da la'asar, Malam Garba ya zo gida tare da Alhaji Mamman. Yaya na kwance a tabarma a zaure, an naɗe dungun da farin ƙyalle. Inna da Kulu suna bayan katanga, ina jin motsinsu. Alhaji ya fito da takardata daga aljihu, har yanzu a ninke, ya ce shi ya ɗauka ta makaranta ce da ake so ya ajiye wa Garba. Malam Garba kuma ya fito da tasa takardar, wadda zai sa wa hannu, ya ɗora a gwiwarsa.

"Sahabi, abu guda nika son ji. Na ga aikinka, na ga rubutunka. Amma ka hwaɗa ma wani da bakinka? Wanda bai iya buɗe baki ba, ba ni sa hannu a ba shi ran mutane."

Na dubi ƙasa. Har yau ban san abin da da na ce ba, don Yaya ya riga ni.

"Ya hwaɗa mini."

Duk muka juya.

"Nan gidanga ya hwaɗa mini, muna cin tuwo. Ya ce Yaya, kak ka taɓa inda toka take. Ni na ɗauka iyayin 'yan boko na. Kun san halina, ba ni jin magana."

Motsin da ke bayan katanga ya tsaya cik. Malam Garba ya dube ni, yana jira. Na san ya san akwai wani abu. Da na ce a'a, kalma ɗaya, da ya ninke takardarsa ya tafi, da na koma gida ba makaranta, da Yaya ya rasa hannu amma ya riƙe sunansa. Na yi shiru. Wannan shirun ba irin na gaban Alhaji ba ne, ba kunya ba ce. Na ga takardar a gwiwarsa, na so ta. Ya ciro biro ya sa hannu.

Da suka tafi na matsa kusa da tabarmar na ce, "Yaya, ban hwaɗa maka ba."

"Na sani, ina wurin." Ya yi ƙoƙarin dariya bai iya ba. "Ji nan, Sahabi. Hannu ya tahi, ba ya dawowa. In kai ma anka koro ka, wa za ya riƙe Inna? Wa za ya riƙe Lawali? In ka buɗe baki, to na yi asarar hannuna a banza. Rihe shi. Ai ka iya."

Na fita zan shiga cikin gida, na tarar da Kulu a tsaye a bakin ƙofa, Lawali a bayanta. Wannan matar da ba ta iya wuni ba ta tsokane ni ba, ta dube ni kamar baƙon da ya ɓata hanya.

"Ni ma ina wurin, Sahabi," ta ce, ta matsa ta ba ni hanya.

Mijinta ya hana ta faɗa, ba ta kuwa faɗa ba har ta mutu. Ta ci gaba da zuba mini tuwo, ta yi wa uwarku rakiya ranar da aka kawo ta, ta yi muku wanka kuna jarirai. Amma ba ta sake yi mini wasa ba ko sau ɗaya, shekara talatin da wani abu.

Yaya ya yi damina huɗu bayan haka. Wani abokinsa ya sama masa wurin zama a kasuwar Aliero, yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau da yatsunsa uku. Nakan je in same shi a cikin warin, ya rame, muryar ta tafi. Abin da ya fi ci masa rai ba hannun ba ne. Labarin ya bazu, mahaƙan Jega suka mai da shi abin koyarwa, in sabon ma'aikaci ya yi gaggawa sai a ce masa, kai, kada ka yi irin ta Bawa. A gabansa ma an faɗa, yana ji, yakan ɗaga dungun ya ce gaskiya ne, ku dube ni ku yi hankali. Mutumin da bai taɓa kauce wa layi ba a rayuwarsa. Ya rasu ina shekarata ta biyu a aikin gwamnati.

Na riƙe Inna, na riƙe Lawali, kamar yadda ya ce. Na yi shekaru ina neman wayoyi a ƙarƙashin ƙasa, har aka san ni da cewa ba na barin wurin aiki sai na tara kowa na nuna da yatsa, na sa kowane mutum ya maimaita mini da bakinsa. Ana yaba mini a kan haka, ina karɓar yabon. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa alkawari nake riƙe wa Yaya. Ba gaskiya ba ne. Dalilin alkawarin ya ƙare ranar da na karɓi takardar gama makaranta. Abin da ya biyo baya nawa ne.

Lawali, ka tuna ranar da ka dawo daga makaranta da leɓe a fashe, don wani ya kira ka ɗan irin ta Bawa. Ka tuna ka ƙi taɓa digar babanka, ka ce gara ka bi mota. Kuma ka tuna ranar sunan ɗanka na fari, da muka zauna mu biyu a zaure, ka ce mini, "Baba Sahabi, da Baba ya ji maganarka, da yau yana nan." Ka ƙi sa wa yaron sunan babanka. Na dube ka na ce Allah ya jiƙansa. Wannan ne karo na huɗu da aka ba ni dama, kuma a lokacin ina da furfura.

To ga shi yanzu, kuma ka lura har yau a takarda na iya faɗa. Babanka bai yi taurin kai ba. Ba wanda ya gargaɗe shi. Ya ga layin da ƙanensa ya zana, ya amince da shi, ya bi shi taki sittin bai kauce ba, ya sara daidai inda na zana masa da'ira. Ƙarya ɗaya na san ya taɓa yi, ita ce wadda ni da 'ya'yana muka ci muka sha a cikinta.

Na san abin da takarda take yi a aljihun mutum. Saboda haka ba zan aika maka da wannan ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, zan zo tasha inda kake lodi, a gaban abokan aikinka da duk wanda ke wurin, in faɗa da bakina. In na tsaya a gefe ina jira a dube ni, kada ka ji tausayina. Ka ce mini, Baba Sahabi, me ya kawo ka.